Lauyan da Ya Bi Diyyar Lebura Har Ingila

Zuwa ga Edita. A filina na wannan mako ina so in ba jama'a labarin wani lauya, gama akwai abin lura a cikinsa ga mu mazauna Kaduna.

Asbestos wani dutse ne mai zare-zare, wuta ba ta cinsa. Saboda haka aka riƙa gauraya shi da siminti ana yin silin da kwanon rufi da bututun ruwa. Amma in an yanka shi ko ya farfashe, ƙurarsa takan shiga huhu ta maƙale. Mutum ya yi shekara 20, ko 40, yana ganin lafiya lau yake, sa'an nan numfashi ya fara gagararsa, wani kuwa ciwon daji ne zai kama shi.

To, wani kamfanin Ingila mai suna Cape ya daɗe yana haƙar dutsen nan a Afirka ta Kudu, a Penge da wajen Prieska, har ya tattara ya bar ƙasar a 1979. Ya bar leburori da iyalansu suna tari, ba wanda za su kama.

Sai Richard Meeran, lauya a ofishin Leigh Day na Landan, ya ɗauki maganarsu. A 1997 aka shigar da ƙara a Ingila, inda uwar kamfanin take. Cape ya ce a'a, sai dai a je Afirka ta Kudu a yi shari'ar. Shekara uku aka yi ana wannan jayayya kaɗai, ba a ko taɓa zancen ciwo ba. A 2000 Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce ƙarshen ɗaukaka ƙara, ta yanke cewa a yi ta a Ingila, domin a can gida talakawan nan ba su da hanyar samun kuɗin shari'a irin wannan. A 2001 kamfanin ya yarda da fam miliyan 21, amma bai cika ba. Sai a 2003 aka daidaita a kan fam miliyan 7 da rabi, ga mutum wajen 7,500. Masu ƙara da yawa sun rasu ba su ga ko anini ba.

Jama'a, ku raba kuɗin nan, ku ga abin da ya zo hannun mutum guda: misalin fam dubu, a bakin huhunsa. Lauya ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya kuma buɗe ƙofar da wasu suka bi bayansa, amma diyya ba ta mai da numfashi.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ingila ta hana asbestos a 1999, Afirka ta Kudu a 2008. Mu kuwa a Unguwar Rimi da Malali da Kawo, tsofaffin gidaje da yawa silinsu na asbestos ne. Yau ana rushe su ana sabon gini, kafinta na yanka da zarto, lebura na kwasar ɓaraguzai, ba ko ƙyalle a hanci. Wanda bai fashe ba, a bar shi a zaune. In ya zama dole a cire, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗungum, kada a share ƙurarsa a bushe.

Ni akawu ne, na san abin da takarda take yi wa mai ita. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da ciwon da aiki ya jawo, hukumar NSITF ke riƙe da asusun. Amma ciwon da ya ɓuya shekara 30, da me za ka shaida wa alƙali inda ka samo shi? Ka adana takardar ɗaukarka aiki, da ta albashi, da katin asibiti. In ba a ba ka ba, ka rubuta wurin aikin da shekarar da sunayen abokan aikinka. Komai gwanintar lauya, da abin da ka ajiye zai tsaya maka.

Allah ya kiyashe mu da ciwon da ba shi da magani, amin. Haza wassalam.

Naku, Akawu, Kaduna.