Martani: Kaurin maniyyi ba shi ne haihuwa ba

Furostat wani ƙulli ne mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yana kewaye da hanyar fitsari, kuma shi ke ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan maniyyi. Marubucin da ya wallafa cewa tsinkewar maniyyi alamar rashin haihuwa ce bai san aikin wannan gaɓa ba. Maganarsa ba ta da bambanci da ta masu tallan magani da lasifika a kasuwar Dakoro, sai dai shi ya sa tasa a takarda.

Maniyyi kan fita da kauri, sannan wani sinadari na furostat mai suna PSA ya narkar da shi, galibi cikin minti 15 zuwa 30. Narkewar ce ke sakin ƙwayoyin haihuwa su yi iyo. Wanda ya ƙi narkewa ma shi likita ke zargi.

A cikin ruwan kuma akwai wasu ƙananan jakunkuna, furostasom, waɗanda Gunnar Ronquist da abokan aikinsa suka bayyana a Uppsala ta ƙasar Suwidin a ƙarshen shekarun 1970. Faɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Sukan manne wa ƙwayar haihuwa, su taimaka wa motsinta, su kuma kare ta daga garkuwar jikin mace.

Ido ba ya ganin ƙwayoyin haihuwa ko furostasom. Yawan ƙwayoyin, motsinsu da siffarsu, a ɗakin gwaji ake auna su da madubin likita.