Afektasiyo: sunan mutum ɗaya a takarda, gida guda a bayan mota

Kowace shekara, da zarar gero ya fara nuna kuma Satumba ya raba tsakiya, tashoshin mota na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sukan cika da wasu matafiya da ba su da wuyar ganewa. Katifa a naɗe, turmi da taɓarya, tukwane cikin buhu, yara biyu ko uku suna riƙe da juna, ga kuma mace zaune bisa akwati ta dafe ƙugu. Maigidan yana can gefe yana ciniki da ɗan kamasho a kan kuɗin kaya. Takardun canjin wurin aiki ne suka fito, abin da ma'aikata ke kira afektasiyo. Malamin makaranta, ma'aikacin lafiya, jandarma, malamin gona ko na daji, kowa ya nufi inda aka jefa shi. A takardar sunan mutum ɗaya ne da lambarsa. Wanda ya sa mata hannu a ofis bai ga matar da ke kan akwatin ba, bai kuma san watan cikinta nawa ba.

Ni na gan ta, domin wata shekara ƙanwata ce ke zaune kan akwatin. Cikinta ya shiga wata na 7, tana da yaro ɗan shekara 6 da yarinya ƴar shekara 3. Takardar mijinta ta fito saura kwana 10 ya kama aiki a wani gari cikin jihar Damagaram. Daga Maraɗi zuwa birnin Damagaram kimanin kilomita 235 ne a kan kwalta, daga nan kuma sai a saki kwalta a kama burji na tsawon awa 3, hanyar da ruwan damina ya riga ya cinye gefenta. A awonta na ƙarshe a Maraɗi, ungozomar asibiti ta ga jininta ya fara hawa, ta rubuta a littafin awo, ta ce ta dawo bayan mako 2. Ranar da ya kamata ta koma, tana cikin mota. Littafin kuwa yana ƙasan wani akwati da aka ɗora a babbar motar kaya, wadda ba ta iso ba sai bayan kwana 9.

Abin da ya biyo baya duk mai iyali zai iya kintatarsa. Maigida ya fita aiki tun da safe, ita ta zauna da share gidan da ya daɗe ba kowa, da neman mai kawo ruwa, da rarrashin yaran da ke tambayar yaushe za a koma gida. Ƙafafunta suka kumbura, ta ce gajiyar hanya ce. Kanta ya riƙa sarawa, ta ce zafi ne. Da na kira ta, abin da ta ce mini kawai shi ne: "Yaya, lafiya lau, baƙunta ce." Wata tsohuwa maƙwabciya ce, wadda ta shigo yi mata sannu da zuwa, ta dubi fuskarta ta ce wannan kumburi ba na lafiya ba ne, ta ja ta zuwa asibitin garin. A daren aka wuce da ita Damagaram, aka yi mata aiki aka ciro jariri. Allah ya yi da sauran kwana, uwa da ɗa suka rayu. A makon ne kuma ƴar ƙaramar ta kwanta masassarar cizon sauro, babban kuwa bai taka makaranta ba sai da wata ya zagayo.

Ban kawo wannan labari don a tausaya wa gidanmu ba, mu namu ya zo da sauƙi. Na kawo shi ne saboda duk abin da ya faru a cikinsa ana iya hango shi tun daga nesa, kuma maganinsa ba ya cin baitulmali ko dala.

A duba lokacin kawai. Ƙarshen Satumba da farkon Oktoba shi ne tsakiyar masassarar cizon sauro a kudancin ƙasar nan, lokacin da ɗakunan yara a asibitocin Maraɗi da Damagaram ke cika har a shimfiɗa tabarmi. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 sau ɗaya ake bayar da shi a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Yaron da aka tayar a tsakiyar wannan tsari, a garin da ya baro an zo bayan tafiyarsa, a wanda ya sauka kuma an riga an wuce. Mai ciki ma tana da nata maganin da ake ba ta wajen awo daga wata na 4, aƙalla sau 3, wata guda tsakani, ga allurar rigakafi, ga ƙwayoyin ƙarin jini. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, kuma yawancin waɗannan awon a watannin ƙarshe suke, domin a nan ne hawan jini da jijjiga da kwanciyar ɗa ba daidai ba ke bayyana. Duk wannan sarƙa ce, kuma ƙaura tana tsinke ta a daidai inda ta fi bukatar ƙarfi.

Ga kuma abin da ba a rubuta shi a kowane littafin awo. A ƙasar Hausa mace ba ta haihuwa ita kaɗai. Akwai uwa ko gwaggo ko inna da za ta zo ta zauna, akwai mai hura wutar ruwan wankan jego har kwana 40, akwai mai dama kunun kanwa, akwai maƙwabciyar da za a tura wa yara da tsakar dare idan naƙuda ta tashi. Akwai kuma ɗan adaidaita ko mai mota na unguwa da aka san lambarsa, wanda ba zai ƙi tashi ba. Waɗannan mutane su ne asibitin farko na mai ciki, kuma ba a ɗora su a motar kaya. Matar da aka kai Difa ko Abalak ko Tilaberi tana iya samun kanta cikin unguwar da ake Barbarci ko Buzanci ko Zabarmanci, ga kunyar baƙunta, ga kunyar ciki da al'ada ta ɗora mata, har ba ta iya buɗe baki ta ce wa baƙuwar fuska "ina ganin jini". Da yawa cikin matanmu sukan yi shiru har sai abin ya fi ƙarfinsu.

Za a ce ai awon ciki kyauta ne a ko'ina. Gaskiya ne, tun 2006 ƙasa ta ɗauke wa mutane kuɗin awon ciki da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, haka ma aikin ciro jariri. Wannan tsari ya ceci rayuka, ba mai musu. Amma wanda ya taɓa jinya ya san sau nawa ake miƙa masa takarda a ce ya je kanti ya sayo, saboda maganin ya ƙare. Ya kuma san man motar da za ta ɗauki mara lafiya daga ƙauye zuwa babban gari ba ya faɗowa daga sama. Ma'aikacin da ya biya kuɗin motar kaya, ya biya hayar wata 2 ko 3 gaba ɗaya a sabon gida, ya sayi kayan makarantar yara, duk cikin mako guda, me ya rage a aljihunsa ranar da aka ce a wuce da matarsa? Malamin kwantiragi kuwa, wanda ɗan abin da yake karɓa ma ba kullum yake zuwa a kan kari ba, ba sai an faɗa ba.

Abin da nake kira a yi abu biyu ne, kuma dukansu na alƙalami ne. Na farko, a fitar da takardun canjin wurin aiki tun farkon babban hutu, cikin Yuli, yadda maigida zai samu wata 2 ya je ya ga gari, ya nemi gida, ya san inda asibiti yake, ya yanke shawarar ko ya ɗauki iyali yanzu ko ya bari sai an sauka lafiya. Ofisoshi sun san guraben da ke akwai tun kafin a rufe makarantu. Abin da ke jan jerin sunaye har zuwa jajibirin komawa, kowa ya sani, shi ne kai-komon masu neman alfarma da ƴan kiran waya. Na biyu, a rubuta ƙa'ida a fili: ma'aikaciyar da cikinta ya kai wata 6, ko ma'aikacin da matarsa ke cikin wannan hali, yana da damar jinkirta kama sabon aiki har sai an yi arba'in, idan ya kawo shaidar likita. Dokar aiki ta riga ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, wato ƙasa ta yarda cewa wannan lokaci na daban ne. Mene ne hikimar a tayar da malama mai cikin wata 7 daga Tasawa zuwa Tanut, ta yi mako 3 a aji, ta tafi hutun haihuwa? Ajin bai samu malama ba, ita kuma ta rasa ungozomar da ta san cikinta.

Na san abin da shugabannin ma'aikatu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Yaran ƙauye ma ƴaƴa ne, suna bukatar malami ranar da aka buɗe makaranta, matan ƙauye ma suna bukatar ma'aikacin lafiya, kuma a ƙasar da mace ke haihuwar ƴaƴa 6 ko fiye, in aka ce ciki uzuri ne to kowa na da uzuri. Za a kuma samu masu sayo takardar likita ta ƙarya. Duk na yarda. Sai dai jinkirin wata 3 ba soke canji ba ne, wa'adinsa a rubuce yake, kuma ciki ba abu ne da ke ɓoyuwa ba: ko dai a yi suna ko a gane ƙarya. Sa'annan mu faɗa wa juna gaskiya, wannan jinkiri ana bayar da shi yau ma, amma ga wanda ke da kawu a Yamai ko abokin da ya san darakta. Ɗan talakan da ba ya da kowa shi ke ɗaure katifa. Ƙa'idar da aka rubuta ita ce za ta ba shi abin da wancan ke samu ta bayan gida. Batun cewa kalandar aiki ba ta taɓuwa kuwa, a 2024 gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata saboda ambaliya, kuma sama ba ta faɗo ba.

Mu maza ma muna da namu kason laifi, kuma ba ƙarami ba ne. Akwai mai ganin raini ne ya bar matarsa a gidan iyayenta ta haihu, alhali goyon ciki al'adarmu ce tun kaka da kakanni, kuma waɗanda suka kafa ta ba wawaye ba ne. Akwai wanda abin da ya dame shi shi ne wa zai dafa masa tuwo a sabon gari. Akwai kuma wanda da gaske albashinsa ba zai riƙe tukunya biyu ba, wannan shi ne abin tausayi. Amma ko wanda tilas ta sa ya tafi da iyali, akwai abin da ke hannunsa. Ya raka ta awo kafin a tashi, ya tambayi ungozoma ko jikinta zai ɗauki hanyar. Littafin awo da katin rigakafin yara da takardun haihuwa da takardar canjin makaranta su zauna cikin jakar hannu, gidan sauro kuma a saman kaya yadda za a ɗaura shi daren farko. Washegarin sauka, kafin gaisuwar mai gari da ta shugaban aiki, a fara kai ta asibiti a nuna littafin, a karɓi lambar wayar wani ma'aikaci da ta mai mota. In akwai hali a taho da ƙanwa ko gwaggo ko da na wata 2 ne. Mijin ƙanwata mutumin kirki ne, amma ko ɗaya cikin waɗannan bai yi ba, domin kwana 10 aka ba shi kuma hankalinsa duk yana kan kada a rubuta cewa bai kama aiki a kan lokaci ba.

Su ma mutanen garin da ake saukar baƙi, abin da tsohuwar nan ta yi ba ƙaramin abu ba ne. Da ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sannu ta juya, da wani labarin nake rubutawa. A garuruwa da dama matan ma'aikata suna da adashi da ƙungiyoyin zumunci. Da za su ɗora wa kansu cewa duk baƙuwar da ta sauka da ciki sai biyu daga cikinsu sun raka ta awon farko, da sun yi aikin da wata ma'aikatar ba ta yi ba. Wannan kuma bai tsaya ga matan ma'aikata ba, ya haɗa da matar ɗan kasuwa, da wadda ruwa ya rushe wa ɗaki, da wadda rashin tsaro ya koro daga ƙauyensu, wadda ita ko kwana 10 ɗin ma ba a ba ta ba.

Jaririn da aka ciro a Damagaram yanzu yana gudu a tsakar gida. Uwarsa ta saba da garin, ta yi ƙawaye, tsohuwar nan ta zama kakar yaran. Bana mijinta ya cika shekarun da ake sa ran a sake ɗaga shi, ita kuma tana da wani cikin, watansa 5. Har ranar da nake wannan rubutu jerin sunaye bai fito ba. Ta ce mini littafin awon yana cikin jakarta, ko kasuwa za ta je da shi take tafiya.