Ɗan Duban Bakin Hanya Da Baƙon Gari

A birnin Giranada na ƙasar Sifen, watau tsohuwar Garnaɗa ta Andalus wadda ta fita daga hannun Musulmi a shekarar 1492, akwai wata babbar majami'a a tsakiyar gari, a jikinta kuma akwai ɗakin da aka binne Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela. Masu yawon buɗe ido da suka sauko daga fadar Alhamra galibi nan suke nufa. A 'yan lungunan da ke kewaye da wurin ne wasu mata kan tsaya, kowacce riƙe da rassan wani ganye mai ƙanshi da mutanen ƙasar ke kira romero. Da baƙo ya doso, sai ɗaya ta tare shi da fara'a, ta miƙa masa reshe guda, ta ce kyauta ce. Yana miƙa hannu zai karɓa sai ta riƙe hannun, ta juya tafin sama, ta shiga bin zanensa da yatsa tana zuba bushara: tsawon rai, aure mai albarka, 'ya'ya, da wani masoyi da ke can yana bege. Kafin ya gama tunanin yadda zai zare hannunsa ba tare da ya ci mata fuska ba, an gama duba, saura biya. In ya laluba aljihu ya fito da sulalla, sai ta ɗaure fuska ta ce kuɗin ƙarfe tsiya yake jawowa, sai dai takarda. Mafi ƙanƙantar takardar kuɗin yuro kuwa ta biyar ce. Haka nan ake yi a kewayen tsohon masallacin Ƙurɗuba.

Wanda ya ji wannan labari daga nesa, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne wautar baƙon. Wannan kuwa hukunci ne na wanda bai taɓa kwana a garin da ba a jin harshensa ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake tatsa ba su taɓa yarda cewa zanen tafi yana faɗin abin da zai faru gobe ba, kuma ba su yarda a lokacin da suke biya ba. Abin da matar ta karanta a jikin mutumin shi ne baƙuncinsa. Masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Bai san farashin kome ba, bai san abin da ake ɗauka rashin ladabi a garin ba, bai san ko mutanen da ke wucewa za su goyi bayansa in ya ɗaga murya ba, sa'an nan ga shi ya riga ya karɓi kyauta. A nan dabarar ganyen take. Ɗan Adam ko'ina yake, in an ba shi abu yakan ji nauyin ramawa, ko da bai roƙa ba. Saboda haka kuɗin da ya bayar ba ladan duba ba ne, fansar kansa ya yi daga kunya. An dai ce kunyar marar kunya asara ce, amma faɗin haka a zaure ya fi sauƙi bisa ga aikata shi a tsakiyar titi, hannunka cikin hannun wata tsohuwa.

A Bankok ta ƙasar Tailan, musamman a titin Khao San inda matasan Turawa matafiya ke taruwa, salon ya ɗan bambanta. Wani mutum ne mai rawani da kamala zai tsai da baƙo ya ce masa goshinsa na mai sa'a ne. Sai ya yi rubutu a 'yar takarda, ya dunƙule ta, ya damƙa masa. Daga nan ya tambaye shi lambar da ya fi so, ko launi, ko sunan fure, yana rubuta amsoshin a gabansa kamar mai lissafi. In aka warware takardar da ke hannun baƙon, sai ga amsoshin nan a ciki. Babu wani asiri a nan sai rufa-ido irin na 'yan dabo, domin an musanya takardar a lokacin da ake ce masa ya hura mata iska ko ya kai ta goshi. Amma wanda aka nuna wa wannan ya riga ya saki jiki, duk abin da aka faɗa masa daga baya zai shiga.

Abin da ake faɗa masa ɗin shi ya fi cancantar ɗalibin harshe ya tsaya a kansa, domin jarin wannan sana'a kacokan magana ce. A shekarar 1948 wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 wata jarrabawa, ya ce zai fitar wa kowannensu bayanin halinsa. Bayan mako guda ya ba kowa takardarsa, ya ce su auna dacewar bayanin da halinsu, daga sifiri zuwa 5. Da aka haɗa makin aka raba, sai ya kama 4.26. Ashe takarda iri ɗaya ya raba musu duka, jimlolin kuma ya tsinto yawancinsu ne daga wani ɗan littafin taurari da ya saya a wurin mai sayar da jaridu. Jimloli ne masu baki biyu, irin waɗanda ke ce wa mutum yana son jama'a amma wani lokaci yakan so kaɗaici, ko yana da baiwar da bai gama amfani da ita ba, ko a waje yana nuna ƙarfin hali alhali a ciki yana da damuwa. Wane ne ba haka yake ba? Mai sauraro shi ke cika giɓin da kansa. An ce masa akwai wanda ke yi masa hassada, sai zuciyarsa ta kawo masa suna da fuska, daga baya kuma ya rantse cewa ɗan duba ne ya faɗi sunan.

Wani masanin, Ray Hyman, wanda ya koyar a Jami'ar Oregon, shi da kansa ya yi sana'ar duban tafi yana saurayi, har ya kai ga yarda da ita saboda yadda mutane ke gaskata shi. Sai wani ya ba shi shawara ya gwada faɗin kishiyar abin da zanen ya nuna. Ya gwada, mutane kuma suka ci gaba da cewa ya faɗi daidai. A 1977 ya wallafa wata maƙala da ta yi suna a kan yadda ake sa baƙon ido ya yarda an san shi ciki da bai. Labarin Hyman yana da amfani ta wata fuskar, domin ya nuna ba kowane ɗan duba ne ya san ƙarya yake yi ba. Akwai wanda amincewar jama'a ta ruɗe shi kamar yadda shi ya ruɗe su.

Mai karatu da ya taɓa zama kusa da mai bugun ƙasa ko mai watsa wuri ba zai ji wannan salon magana baƙo a kunnensa ba. Akwai tafiya a gabanka, akwai wata doguwar mace, akwai maƙiyi a kusa, a yi sadaka da farin abu. Hukuncin abin a addini sananne ne, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya yi suka a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari a cikin Nurul Albabi. Abin lura kawai shi ne, mai bugun ƙasa na unguwa yana da wani takunkumi da ɗan duban titin Bankok ba shi da shi: gobe ma zai haɗu da wanda ya yi wa duba a masallaci ko a kasuwa, kuma in ya cika zari gari zai ji. Wanda ke farautar matafiya kuwa ba ya sa ran sake ganin fuskar da ya cuta.

Da a ce abin ya tsaya a kan yuro biyar da reshen ganye, da ba a ɓata tawada a kansa ba. Inda ta'asar take shi ne lokacin da bushara ta juye ta zama gargaɗi. Mai jin daɗi yakan biya sau ɗaya ya wuce, amma mai jin tsoro yakan dawo. A shekarar 2013 wata kotu a birnin New York ta sami wata mata mai shagon duba a unguwar Greenwich Village da laifin sata, aka yanke mata ɗaurin shekara 5 zuwa 15. Mata biyu sun ba da shaida a kanta, kuma duk biyun ba 'yan garin ba ne. Ɗaya ta zo daga Florida, aikinta ya kuɓuce, soyayyarta ta watse. Aka ce mata a wata rayuwa da ta gabata ita gimbiya ce a Masar, kuma matsalarta ita ce ƙulafucin dukiya, maganinsa kuwa ta ba da dala 27,000 a ajiye mata. Ta bayar. Ɗayar 'yar Singafo ce da aiki ya kawo ta birnin, ba dangi, ba abokan hira. Aka ce mata wani mugun abu yana bibiyarta, sai an yi aiki an kore shi. A hankali, a hankali, ta zuba fiye da dala 100,000. Ba jahilci ya kai matan nan ba. Kaɗaici ne ya kai su wurin wadda ta zauna ta saurare su a garin da ba mai sauraron kowa.

Akwai ma wanda ya fi wannan muni, domin da harshen uwa ake yin sa. A shekarar 2012 'yan sandan San Francisco sun yi ta karɓar ƙarar tsofaffin mata 'yan asalin Sin da ke zaune a birnin. Mata biyu ko uku ne za su tare tsohuwa a hanya da harshen garinsu, ɗaya ta yi kamar tana neman wani shahararren mai magani, ɗaya ta ce ta san shi, a cikin hira kuma su tatsi labarin iyalinta. Sai ta ukun ta fito a matsayin jikar mai maganin, ta ce an hango ɗanta zai mutu cikin 'yan kwanaki, sai fa in ta kawo kuɗinta da gwala-gwalanta an yi musu addu'a. A sa su a jaka, a yi 'yan surkulle, a mayar mata da jakar, a ce kada ta buɗe sai bayan kwanaki. Ranar da ta buɗe sai ta tarar da gorunan ruwa da tarkace. Duk wanda ya taɓa jin sanyi a ransa don ya tsinkayi Hausa a wata tashar jirgi mai nisa ya san ƙofar da aka bi aka shiga zuciyar tsohuwar nan.

To, me hukuma ta yi? An daɗe ana gwada hani. Dokar hana gararamba ta Ingila ta 1824 ta sa masu duban tafi cikin jerin 'yan iskan gari da za a ɗaure. Tsohon kundin laifuffuka na Faransa ya tanadi tara ga masu sana'ar duba da fassarar mafarki, har zuwa 1994 da aka soke wannan sashe. A Jihar New York karɓar kuɗi don duba ƙaramin laifi ne, amma dokar ta togace wanda aka yi don nishaɗi, saboda haka sai masu shaguna suka liƙa 'yar sanarwa cewa nasu na nishaɗi ne, suka ci gaba da harkarsu. Darasin da ke cikin wannan a fili yake. Dokar da ta ce duba kansa shi ne laifi, talakar bakin titi take kamawa, ta bar mai shago da lauya. Matar Greenwich Village ma laifin sata ne ya jawo mata dogon ɗauri. A nan ya kamata a ja layi: duk wanda ya tsorata mutum da mutuwa ko sammu don ya karɓi dukiyarsa, ɓarawo ne, a yi masa shari'ar ɓarayi, ko da tafi ya duba, ko da ƙasa, ko da carbi.

Wani abin da ya kamata a yi hattara da shi kuma shi ne ɗora laifin a kan ƙabila. Littattafan jagorar matafiya sukan ce a yi hankali da Gitano, watau al'ummar nan da asalinta ke komawa Indiya, wadda ta iso Sifen wajen 1425, kuma daga cikinta ne matan ganyen nan suka fi fitowa. Ba a cika faɗin cewa sarakunan nan biyu da ke kwance a ɗakin da matan ke tsayawa ƙofarsa su ne suka yi dokar 1499 wadda ta tilasta wa Gitano su bar yawo su kama ubangida ko a kore su ba, ko kuma cewa a 1749 an yi musu kamun kazar kuku a duk faɗin ƙasar, aka raba maza da mata. Wannan bai halatta cutar baƙo ba, amma ya isa ya hana mai hankali yi wa dubban ɗaruruwan mutane kuɗin goro saboda 'yan matan da ke ƙofar majami'a. Wanda ya ga haka daidai ne, sai ya tuna da tashar Barbes a birnin Faris, inda aka daɗe ana raba 'yan katuna masu ɗauke da sunayen malaman tsibbu daga Afirka ta Yamma, kowanne shehi ne kuma farfesa, yana alkawarin dawo da masoyi cikin 'yan kwanaki. A can ɗan duban ne baƙo, kuma baƙuncin nasa ne jarinsa, domin mutum ya fi yarda da asirin da ya zo daga nesa. Ba wanda zai so a auna malaman Afirka duka da waɗannan katuna.

Ko da an gyara doka, akwai sauran matsala guda da ba ta da sauƙin magani, ita ce ta shaida. Shari'a tana bukatar mai ƙara da zai tsaya, mai yawon buɗe ido kuwa jirginsa jibi zai tashi. Ba zai ɓata yini guda cikin kwana ukun da yake da su a ofishin 'yan sanda, yana neman tafinta, a kan yuro ashirin ba. Wanda aka yi wa babbar ɓarna kuma kunya ke rufe masa baki, don ya san tambayar farko da za a yi masa, a ofis da a gida, ita ce yaya aka yi mai ilmi kamarsa ya yarda. Matan New York biyu sun daure sun tsaya gaban kotu an yi musu wannan tambayar a bainar jama'a, shi ya sa aka sami hukunci. Galibin sauran sukan haɗa kayansu su koma gida, ba su gaya wa ko abokin tafiyarsu ba.