Hanta Ba Riga Ba Ce Da Za A Kai Wa Mai Wanki

Duk ɗan Arewa mazaunin Kurmi da ya taɓa bin hanyar Kaduna ta Suleja ya san Maje. Nan ne daffon mai na NNPC yake, nan kuma manyan motoci kan yi zango, direba ya huta, yaran mota su sami abin sawa a baki. Da yawa cikin masu lodi a Apapa sun san Maje kamar tafin hannunsu. To, a ɗauki misalin ɗaya daga cikinsu, wanda ya koyi kurɓa a Ikko inda ba wanda ya san ubansa, in ya hauro kuwa ba a rasa mai burkutu a ƙauyukan gefen hanya. Ran nan jiki ya yi nauyi, ya je asibiti, aka auna jininsa, likita ya ce sinadaran hantarsa sun hau.

Mene ne wannan hawa? Cikin hanta akwai waɗansu sinadarai da likitoci ke kira ALT da AST da GGT. Idan hanta ta ji rauni sai su zubo cikin jini, awo ya nuna su. Ga mai lafiya ALT ba ta cika wuce 40 ba. Ga mashayi kuwa sau da yawa AST takan ninka ALT, GGT kuma ta yi sama. Watau takardar nan ƙararrawa ce hanta ta kaɗa, tun ido bai yi rawaya da shawara ba, tun ciki bai kumbura ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da mutumin kan yi bayan ya fito. Kunya ta hana shi gaya wa likita gaskiya, ya ce shi ko warinta bai sani ba. Sa'an nan ya nufi tasha ya sayi kwalbar da aka ce tana wanke hanta. Alhali kuwa babu wani tsimi ko jiƙo da aka tabbatar yana wanke ɓarnar giya, waɗansu ma da barasa aka jiƙa su, an gudu ba a tsira ba ke nan. Ciwon jiki ya taso, ya yi ta watsa farasitamol ba lissafi, ga shi kuwa yawansa dafi ne ga hanta, balle hantar mashayi.

Magani na gaskiya ɗaya ne, a bar shan. Allah ya yi hanta da haƙuri. Idan kitse ne kawai ya taru a cikinta, makonni kaɗan bayan barin giya takan fara komawa daidai, lambobin su yi ta sauka. Amma in aka ci gaba har ta ƙanƙance ta yi tabo, to, bakin alƙalami ya kusa bushewa, sai lallaɓawa.

Sai dai akwai gargaɗi. Wanda ya saba sha mai yawa kullum kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai a cikin mota. Cikin kwana biyu ko uku yana iya kamuwa da karkarwa, da gane-gane, har da farfaɗiya mai kisa. A gaban likita ake wannan, shi zai ba da maganin da ke kwantar da jiki, da bitamin B1. Bayan wata ɗaya ko biyu a sake awo a gani ko an samu sauƙi. A ci abinci sosai, a guji gyaɗa da masara masu fumfuna, domin su ma abokan gaban hanta ne.

Kada kuma a ɗora wa giya laifin duka. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Saboda haka ba duk wanda lambobinsa suka hau ne mashayi ba, a daina yi wa mutane zato. Wanda kuwa ya haɗa wannan ciwo da kwalba, ya zuba fetur a wuta. Lalle a nemi wannan awo, a auna iyali, wanda bai kamu ba a yi masa allurar rigakafi.

A shekarar 2000 Jihar Neja ta kafa shari'a, aka tsaurara dokar sayar da giya. Doka tana iya rufe shago, amma ba ta bin mutum Agege ko Sabon Badun. Wannan aikin sarakunan Hausawa ne da shugabannin direbobi da masu masauki. Maimakon tsegumi, a kama hannun ɗan'uwa a asirce a raka shi asibiti. Na Ikko ga LUTH a Idi-Araba, na Badun ga UCH, wanda ciwo ya riska a Maje ga Babban Asibitin Suleja, ga kuma asibitin koyarwa na Gwagwalada.

Mutumin da ya bar mata da 'ya'ya a gida ya tafi neman abin rufin asiri bai kamata a mai da shi gida a kwance bayan mota ba. Allah ya sa a gane, ya ba marasa lafiya lafiya, amin.