Cinikin Ɗakin Ɗaukar Murya Yana Bukatar Takarda

Bayan godiya ga Allah da salati ga ManzonSa, wannan nasiha ce ga masu ɗakunan ɗaukar murya, waɗanda samari ke kira sitidiyo, da kuma attajiran da ke zuba jarinsu ciki. Maganar halaccin kiɗa tana da nata majalisi, malamai kuwa sun daɗe da yin bayaninta. Amma a sani cikin ɗakunan nan ne ake ɗaukar karatun Alƙur'ani da tafsiri da begen Annabi da tallan kayan 'yan kasuwa. Saboda haka cinikin da ake ƙullawa can ya shafi malami, ya shafi falke.

A zamanin faifan garmaho, kamfanonin Turawa irin su EMI da Decca ke da injin. Makaɗi ya je ya yi waƙarsa, a sallame shi, faifai ya zama nasu. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano cikin 1990 sai sana'ar ta dawo hannun 'yan gida. Saurayi ya sami fiyanon Yamaha da kwamfuta, ya kama ɗaki haya, ya zama shi ne mai haɗa kiɗa, shi ne mai tace murya. Dillalan Ƙofar Wambai su sayi uwar kaset, su buga da yawa, su watsa ƙasa duka. Da wayar hannu ta yawaita, ana tura waƙa daga waya zuwa waya, kasuwar kaset da faifai ta faɗi. Yau riba ta koma wurare irin su YouTube, inda waƙa guda za ta yi shekaru tana kawo kuɗi.

To, a nan rigima take. Mai ɗaki yana da jari a ƙasa: haya, da kayan aiki masu lalacewa, da man janareta wanda tsadarsa ta ninka tun da aka janye tallafin fetur cikin 2023, ga yara da 'yan amshi suna jiran nasu. Mawaƙi ya zo, a yi ciniki da baki, ya ce, "In Allah Ya sa ta karɓu ba zan manta da kai ba." In ta karɓu, sai mai ɗaki ya ce asalin ɗauka yana cikin kwamfutarsa, kiɗan kuwa nasa ne. Mawaƙi ya ce ya riga ya biya. In ba ta karɓu ba, mai ɗaki ya yi asarar mai da dare. Kowanne yana ganin shi ne kura da shan bugu, ɗayan gardi da karɓar kuɗi.

Duk wanda ya karanta babin ciniki cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidi ya san maganin wannan. In ijara ce, lalle a ambaci aiki, a yanke lada sananne. Mai ɗaki ya karɓi kafin alƙalami, ya gama, ya cika ladansa, ya miƙa asalin ɗauka, ba shi da sauran magana ko da waƙar ta kai Sin. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In kuwa tarayya ce, a faɗi rabon kowa tun farko, rabi ko sulusi, a faɗi mai riƙe lissafi da lokacin raba kuɗi. Abin da bai kyautu ba shi ne ɗora ladan ma'aikaci bisa abin da ba a san zai samu ba, domin wannan garari ne, kuma garari yana ɓata ciniki.

Wani zai ce neman takarda rashin yarda ne da ɗan'uwa. Ai aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, muminai ta yi wa umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu cikin 2023, ita ma ba ta karɓar sayar da haƙƙin waƙa sai a rubuce. Mutum yana mantuwa, yana mutuwa, magada kuwa ba su halarci ciniki ba.

Saboda haka mai ɗaki kada ya kunna inji sai an rubuta abu huɗu: lada nawa ne, asalin ɗauka na wane ne, wa zai sa a intanet, yaya za a raba abin da ya fito. Ya ware kuɗin gyaran kaya dabam da na cefane. Ya biya yaransa da 'yan amshi ranar da suka yi aiki, kada ya jingina haƙƙinsu da alkawarin ɗan siyasa, wanda in ya faɗi zaɓe ba a sake ganinsa. Malamin da aka ɗauki karatunsa shi ma ya bayyana a rubuce: wakafi ne domin Allah, ko kuwa akwai rabon iyalinsa. Malaman unguwa kuwa su taimaka da rubutu da shaida, ko da ajami ne.

Allah Ya tsare dukiyar kowa daga haƙƙin wani, amin. Wassalamu.