Kwamfutar Kwantam da Makullin Kuɗinmu

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kuɗin mutanen Hasahisa da ƙauyukan Jazira suka koma cikin waya. Manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta zama aljihunmu, ta nan ɗan'uwa da ke Saudiyya ke aiko kuɗin dawa da magani. Da intanet ya ɗauke a Fabrairun 2024, ciniki ya tsaya cik.

To, 'yan'uwa, akwai wani haɗarin kuma. Makullan sirri irin su RSA, da ke tsare mu'amalar banki a intanet, sun dogara ne ga lissafin da ya gagari kwamfutocin yau. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantam mai ƙarfi za ta warware shi cikin ɗan lokaci. Ba a ƙera irinta ba tukuna. Willow, wadda Google ya fitar a Disamban 2024, kubit 105 gare ta, alhali ana buƙatar ninkin-ba-ninkin hakan. Sai dai ɓarawo na iya kwashe bayanai a kulle yau, ya adana su har mabuɗi ya samu.

A Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sabbin ƙa'idojin makulli guda uku. Ra'ayinmu shi ne, tun da bankunanmu na sake gina abin da yaƙi ya rusa, Babban Bankin Sudan ya wajabta musu sabon makullin tun yanzu, domin dukiyar jama'a amana ce a hannunsu. Mai damfarar yau kuwa, lambar sirrinka kawai yake roƙo ta waya, kada ka ba shi.