Ribar Banki Daga Aljihun Wa Take Fitowa?

Ana ta gardama a rumfuna: tsakanin bankin Musulunci da bankin ruwa, wanne ya fi cin riba?

In yawan kuɗi ake nufi, magana ta ƙare. A 2024, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin 100, Zenith da GTCO kowannensu ya haura naira tiriliyan 1 kafin haraji. Jaiz kuwa sai 2012 ya buɗe ƙofa, TAJ 2019. Ba su kama ƙafarsu ba tukuna.

Amma ɗan'uwa, wa ya biya wannan riba? Ka ci bashin ruwa ka sari masara a Dawanau, kasuwa ta yi sanyi, ruwa yana ta hawa. A murabaha kuwa banki ne zai sayi kayan ya sayar maka. An yanke farashi tun ranar ciniki, ba ya ƙaruwa.

Sai dai kada suna ya ruɗe ka, don ribar da suke ɗorawa ma takan yi nauyi. Kafin ka sa hannu, ka tambayi jimlar abin da za ka biya, ka auna da ribar buhunka, ka yi tayi. Allah ya ba da kasuwa.